Ranar da Jega ya ƙi tashi daga kujera

In aka tayar da zancen zaɓen 2015, kowa wayar da Jonathan ya buga wa Buhari ya amince da shan kaye yake tunawa. Ya cancanci yabo, ba musu. Ni dai abin da ya tsaya min a rai ya faru ne sa'o'i kaɗan kafin wannan wayar, ranar 31 ga Maris, a zauren tattara sakamako na Abuja.

Muna shagon ɗinki a Tudun Wadar Kaduna, an ta da janareto, ba mai taka keke, ido na kan talabijin. Sai ga Godsday Orubebe, tsohon ministan Neja Delta kuma wakilin PDP, ya riƙe makirufo yana ta ɗaga murya. Zarginsa shi ne Farfesa Attahiru Jega, shugaban hukumar zaɓe ta INEC a lokacin, ya ƙi karɓar kokensu kan wasu jihohin Arewa, amma ya tura kwamiti Ribas da APC ta yi ƙorafi. Oganmu bai ce uffan ba, ya tashi ya jawo ƙofar shago rabi. Duk wanda ya ga 2011 a jihar nan ya san dalili; mutum sama da 800 aka kashe a Arewa bayan wancan zaɓen.

To, me Jega zai yi? In ya sa 'yan sanda su fitar da mutumin, an samu hoton da za a ce an ci zarafin jam'iyya mai mulki. In ya ɗage zaman, wa ya san ranar da za a dawo? Ƙasar da aka taɓa soke zaɓen 12 ga Yunin 1993 ce fa. Sai ya zauna abinsa, ya bar shi ya gama zubar da abin da ke cikinsa. Wasu a shagon suka ce tsoro ne. Ban yarda ba. Mutumin da ya ja ragamar ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU zamanin Babangida har aka tsare shi, ba ihu ne zai razana shi ba.

Da ƙura ta lafa, ya amsa zargin ɗaya bayan ɗaya, ya ce ofis ake kai koke, ba zauren tattara sakamako ba. Ya tuna wa Orubebe cewa tsohon minista ne, ya kamata ya kula da harshensa. Daga nan aka ci gaba da kiran jihohi. Kafin asubar 1 ga Afrilu ya bayyana cewa Buhari ya samu ƙuri'a miliyan 15.4, Jonathan miliyan 12.8.