Harshen mai shafi daban, na masu karatu daban

Ɗan ƙanwata ne na tarar yana gina shafin intanet da manhajar WordPress. Rubutun duk Hausa, amma ya bar harshen shafin a Turanci, ya buɗe fayilolin jigon, wato theme mai tsara kamannin shafi, yana goge kalmomi yana sa na Hausa da hannu. Na ce, "Kai, me ya sa?" Ya ce, "Kawu, in na canja, ɓangaren gudanarwa ma zai canja, in kasa bin darussan YouTube." Ko ɗago kai bai yi ba.

Ni ma abin da na yi ke nan a da, da wannan hujjar. Na raba dare ina bin fayil bayan fayil, ina sauya maɓallan ci gaba da karatu da na barin sharhi. Ranar da na sabunta jigon, komai ya koma Turanci. Na sake yi, ya sake gogewa. Daga nan na daina sabuntawa gaba ɗaya, na bar shafin da ƙofofin da masu kutse suka sani. Ina iya kare kaina: a lokacin saiti ɗaya ne ke riƙe da harshen ciki, wato ɓangaren gudanarwa, da na waje da masu karatu ke gani, sai dai ka nemi ƙarin manhaja. Sai a WordPress 4.7, cikin Disamba 2016, kowane mai shiga ya samu damar zaɓar harshensa a shafin bayanansa. To amma bayan nan fa? Na daɗe ban duba ba, don na saba. Duk tsawon lokacin shafina yana shaida wa burauza da Google cewa Turanci ne, alhali Hausa na da lambarta, ha. Makaho mai manhajar karanta allo kuwa, da lafazin Turanci ake karanto masa rubutuna. Wannan har yau yana ci mini rai.

Na so in jero muku shawarwari da yawa, amma ku yaran yanzu wa ke karanta dogon abu? Harshen shafi na masu karatu ne, ku saita shi dominsu. Naku ku zaɓe shi a bayananku. Joomla, wata manhajar gina shafi, ita ma ta raba biyun. Kada ku taɓa fayilolin jigo. Inda fassara ba ta cika ba, ga manhajojin fassara Poedit da Loco Translate, kuma ku adana fassarar a wajen jigon, inda sabuntawa ba za ta share ta ba.

Ciki kuwa ku bar shi da Turanci, don saƙon matsala da Turanci ake samun amsarsa. Ko da yake wannan ma ba ta kwanta mini ba. In kowa ya gudu zuwa Turanci, wa zai fassara ɓangaren gudanarwar? 'Yan sa-kai ne ke fassara WordPress, ku kuma kun fi mu lokaci, kuna ƙarar da shi a kallon bidiyo. Marubucin da zai ɗora muku labari bai jin Turanci, a ina zai danna?