Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Ranar da Maigida Ya Miƙo Mini Holda

A makon jiya na tsaya ne a inda na cika wata bakwai a shagon maigidana da ke Tsohuwar Panteka a Kaduna, ba tare da hannuna ya taɓa holda ba, wato abin da ake riƙe sandar walda da shi. Aikina shi ne shara, yankan ƙarfe da zarto, kankare tsatsa, da riƙe masa ƙarfe ina kawar da kai idan zai ɗiga walda. Wata safiya a tsakiyar damina, bayan an kwana ana ruwa, sai ya ce da ni, "Kai, yau kai za ka haɗa inji, ni kuwa kallo zan yi."

Injin namu haɗin gida ne, wato wayar tagulla da aka naɗa aka nutsa a cikin tankin ƙarfe cike da mai don kada ta yi zafi, kuma a jikinsa akwai notuna a jere waɗanda ake sauya wa waya idan ana son ƙara wuta ko rage ta. Na yi wuf zan jona shi, sai maigida ya daka mini tsawa ya nuna ƙafata. Silifas ne a ƙafar, ƙasa kuma a jiƙe take. Ya sa na sanya takalmi rufaffe mai gindin roba, na shimfiɗa busasshen katako inda zan tsaya, na cire rigar leda da ke jikina na sa ta auduga, domin tartsatsi yana narkar da ta leda ta manne wa fata. Daga nan na bi wayoyin injin biyu, ta holda da ta ƙarfe, da hannu tun daga tushe har ƙarshe, ina neman inda roba ta tsage, alhali inji yana kashe.

Abin da ya fi daɗewa a kai shi ne waya ta biyu, wadda ake damƙa wa ƙarfen da za a yi wa aiki. Na maƙala ta a kan fenti, ya ce in cire, in kankare wurin har ƙarfe ya yi fari, in kuma matso da ita kusa da mahaɗin. Ya bayyana mini cewa wuta zagaye take yi, ta fita ta wannan waya ta komo ta waccan, kuma idan hanyarta ba ta da kyau za ta nemi wata, wadda ba mamaki jikin mai walda ne. Ko ba a walda, muddin inji yana kunne, akwai ƙarfin lantarki da ya kai bolt 50 zuwa 80 a bakin holda, saboda haka ba a sauya sandar walda da hannu mai gumi sai da busasshiyar safar fata.

Ya ciro mini sanda geji 12, mai kaurin milimita 2.5, mai lamba 6013, daga gwangwanin da yake rufe su saboda danshi. Irinta tana son wuta tsakanin amfiya 60 zuwa 90, geji 10 kuwa tana bukatar fiye da haka. Idan wuta ta yi yawa sai ta huda bututu, idan ta yi kaɗan sai sanda ta manne. Tawa ta manne sau biyar kafin na gane ana ƙyasta ta ne kamar ashana, sannan a ɗaga kaɗan, tazarar da ba ta wuce kaurin sandar ba. Da na dace, sai na ji wata ƙara mai daɗi kamar ana suyar ƙosai, maigida ya ce, "Yauwa, riƙe ta nan."

Kuskuren da na tafka ya zo ne bayan azahar, lokacin da ya fita sayen ƙarfe. Gilashin garkuwar fuska baƙi ne ƙirin, ba na ganin komai sai wuta ta kama, don haka na ajiye ta na ɗauki baƙin tabarau irin na kwalliya, kamar yadda nake ganin wasu a layinmu suna yi. Na yi ta walda har la'asar ina jin kaina gwani, ban ji ko ƙaiƙayi ba.

Wajen ƙarfe biyun dare na farka kamar an zuba mini yashi a idanu. Hawaye suna zuba, fatar ido ta ƙi buɗuwa, hasken fitilar da Inna ta haska ni da ita kuwa kamar allura. Maƙwabta suka kawo shawarwari, wannan ya ce a ɗiga ruwan sukari, waccan ta ce nonon mai shayarwa, amma Inna ta ce, "Ba abin da za a zuba wa yaron nan sai likita ya gani." Da gari ya waye aka ja ni da hannu zuwa asibiti, inda aka ce hasken walda ne ya ƙona saman idon, kuma ciwon ba ya tashi sai bayan wasu sa'o'i. Aka ba ni maganin shafawa, aka hana ni murzawa, cikin kwana biyu na warware.

Da na koma shago maigida bai yi mini faɗa ba. Ya zare gilashin garkuwar ya nuna mini lamba 11 da ke gefensa, mai nuna yawan duhunsa, ya goge shi da gefen rigarsa, ya mayar, ya miƙo mini. Muna cikin haka wani mutum ya gangaro da durom ɗin fetur yana neman a liƙe masa gindinsa, maigida ya miƙe tsaye ya kashe inji. A nan za mu ɗora a mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.