Kilematis ɗina ta farfaɗo

Bara na sayi kilematis, wata shuka mai yaɗo, don ta hau bangon baranda da furanninta, na dasa ta a 'yar ƙaramar tukunya baƙa. Rana ta dafa saiwar, ganyen ya yi yaushi kamar an watsa masa tafasasshen ruwa. Ashe samanta ne ke son rana, wajen awa 6 a yini, gindin kuwa sanyi da inuwa yake nema.

Bana na koma tukunya mai zurfin santimita 45, na rufe saman ƙasar da tsakuwa. Sandar da na kafa mata ma ta yi kauri, ita da siririn wuyan ganyenta take naɗe abu, sai da na ɗaura waya sannan ta kama. Yau da safe na ƙirga furanni bakwai, ni kaɗai ina ta murmushi.