Tarihin Rayuwata, Kashi Na 11: Neman Wakili

A makon jiya na tsaya ne a daren da na ajiye alƙalami bayan shekara 3 ina fama da littafina na farko, ina murna wahala ta zo ƙarshe. Ashe tsugune ba ta ƙare ba.

Da yake da Turanci na rubuta labarin, kuma burina ya fito daga ɗaya cikin manyan kamfanonin ɗab'i na Landan ko New York, ban jima ba na gane cewa irin su Penguin Random House da HarperCollins ba kasafai suke karɓar rubutu daga hannun marubuci ba, sai ta hannun wakili. Sunan ne kawai wakili, amma aikinsa na dillali ne: shi zai kai hajar gaban editoci, ya yi ciniki, ya tantance yarjejeniya, sannan ya cire la'adarsa, wadda galibi kashi 15 ce cikin 100, ko kashi 20 idan haƙƙin fassara aka sayar a wata ƙasa. Wakilin kirki ba ya karɓar ko sisi sai littafi ya sayu.

Na tsamo sunaye daga kundin Writers' & Artists' Yearbook da shafin QueryTracker, na haɗa abin da yawancinsu suke nema, wato wasiƙar gabatarwa mai shafi ɗaya, da taƙaitaccen labarin har da yadda ya ƙare, da babi 3 na farko. Taƙaitawar nan ta fi rubuta littafin cin raina, domin duk abin da na cire sai na ji kamar yatsana na yanke. Na tura wa mutum 20 a watan Oktoba, ban san lokacin baje kolin littattafai na birnin Frankfurt a Jamus ba ne, sa'ad da hankalin wakilai yake can. A ɗaya daga cikin wasiƙun ma, saboda gaggawa, na bar sunan wani wakilin daban a gaisuwa.

Fiye da rabinsu ba su tanka ba har yau. Galibin sauran kuwa amsarsu layi biyu ce, kusan iri ɗaya, cewa sun gode amma labarin bai dace da su ba. Na koma ajiye waya a ƙarƙashin matashi, ina farkawa cikin dare ina duba imel, kuma na daina buɗe littafin gaba ɗaya.

Yayana ya lura na rame, sai ya ce, "Haba ƙanwata, ai marubuciyar Harry Potter ma kamfanoni 12 ne suka ƙi ta kafin Bloomsbury ya buga littafin a 1997." Na ce, "Haka ne Yaya, amma ita a lokacin tana da wakili, shi ne ma ya yi ta yawo da littafin. Ni ko ƙofar gidan ban shiga ba." Ya yi shiru, ni kuma na ji kunyar gwale shi, don da kyakkyawar niyya ya faɗa.

A watan Fabrairu wata wakiliya ta nemi cikakken littafin. Mako 7 na yi ina lissafin abin da ban samu ba, har na tsara wanda zan fara bugawa waya. Da amsarta ta iso, a'a ce ita ma, kuma ta fi duk na baya zafi, domin wannan ta karanta ni har ƙarshe, ba ni da sauran uzurin cewa ba a duba ba. Sai dai ta faɗi dalili: labarin bai fara motsi ba sai a babi na huɗu, ranar da jarumar ta bar gidan mijinta, abin da ya gabaci wannan duk shimfiɗa ce.

Na yi kwana 2 ina jin haushinta. A na uku na buɗe kwamfuta, na ƙirga babobin da na tura wa mutum 20 ɗin nan, na ga ba babin da ya kai ga ranar da jarumar ta fita. Yadda na yi da waɗannan shafuka 60, sai mako mai zuwa.