Wasiƙa daga gindin tsaunukan Alpes

Assalamu alaikum iyayena, yayyena da ƙannena na Maradi. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, ina so in ba ku labarin tsaunukan da nake zaune a gindinsu a nan Faransa, domin abin da ke faruwa da su magana ce ta ruwa, kuma babu Bamaraɗen da maganar ruwa ba ta shafa ba.

Tsaunukan Alpes sun miƙe kimanin kilomita 1,200, sun ratsa ƙasashe 8, ciki har da Faransa, Italiya, Suwizilan, Jamus da Ostiriya. Mafi tsawonsu, Mont Blanc, ya haura mita 4,800, wato ya ninka dutsen Bagzan na Ayar fiye da sau biyu. Masana sun ce faifan ƙasar Afirka, wato ƙaton ɓawon dutsen da nahiyar ke zaune a kansa, shi ne ya yi ta matsar na Turai shekaru miliyoyi har duwatsun suka tattare suka tashi sama.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne ƙanƙarar da ke kansu. A can ƙoli sanyi ba ya barin dusar ƙanƙara ta narke duka, sai ta bana ta danne ta bara, nauyi ya daddaƙe ta har ta yi tauri, sannan ta riƙa gangarowa cikin kwari a hankali, tafiyar da ido ba ya gani. Tana tafe tana nuƙe dutsen da ke ƙarƙashinta, shi ya sa kwarurukan nan suke da faɗin ciki da bango a tsaye, kuma ruwan kogin Arve da ke ratsa garin Chamonix yake fari-fari saboda garin dutse. A birnin Janeba, inda ya haɗu da kogin Rhône mai ruwa garau, launukan biyu suna tafiya kafaɗa da kafaɗa kafin su gauraya.

Wannan ƙanƙara rumbu ce: ana zuba mata a lokacin hunturu, ana ɗiba a lokacin zafi. Gulbin Maradi sai da damina yake kawo ruwa, amma kogunan Rhône da Rhin suna gudu shekara cur, kuma a tsakiyar zafi narkewar ƙanƙara ce ke taimaka musu, manoma su yi ban ruwa, madatsu su ba da lantarki.

To, ajiyar tana ƙarewa, kuma abin yana damuna ƙwarai. A Montenvers, inda jirgin ƙasa ke kai masu zuwa kallon Mer de Glace, wata babbar ƙanƙara mai gangarowa cikin kwari kusa da Chamonix, an kafa alluna a jikin dutse masu nuna inda ƙanƙara ta kai a shekarun baya. Allon 1990 yana can sama, ita kuwa ta koma can ƙasa, tsakuwa ta lulluɓe ta. A 2022 da 2023 kaɗai, Suwizilan ta rasa kashi 10 cikin 100 na ƙanƙararta. Dutsen da sanyi ya daɗe yana riƙe da shi ma ya fara saki: a ranar 28 ga Mayun 2025 ƙanƙarar Birch ta ɓalle ta binne mafi yawan ƙauyen Blatten da ke Suwizilan. Abin da ya ceci mutanensa kusan 300 shi ne masana suna auna motsin dutsen, hukuma ta ce a tashi kwanaki kaɗan kafin lamarin, su kuma suka tashi.

A gaida gida da kowa da kowa. Wassalam, ɗanku kuma ɗan'uwanku.