Lagireton da ya kayar da Finucane

A shekararmu ta biyu ta koyon gyaran injin jirgin sama, babu darasin da na raina kamar na sanyaya inji. Bututu, ruwa, lagireto, ni a ganina duk aikin yaran gareji ne. Ranar da malaminmu ya kama ni ina hamma bai yi faɗa ba, sai ya ce, "Kai, ka san Finucane?" Na ce, "A'a, Malam."

Brendan Finucane, wanda abokansa ke kira Paddy, haifaffen Dabulin ne ta ƙasar Ayilan, a 1920. Ya shiga rundunar sojan saman Birtaniya a 1938, Yaƙin Duniya na Biyu ya riske shi a ciki. Ya kakkaɓo jiragen abokan gaba aƙalla 28, har aka ɗora shi kan muƙamin Wing Kwamanda yana ɗan shekara 21. Shekaruna ke nan a lokacin, ni da ko tashin asuba sai an buga mini ƙofa.

Matuƙan Jamus sun yi ta artabu da shi a sama, ba su iya da shi ba. Ranar 15 ga Yuli 1942 ya jagoranci hari, suna tafiya ƙasa-ƙasa ta gaɓar tekun Faransa kusa da Le Touquet, sai wata bindiga mai jigida daga ƙasa ta sami lagireton jirginsa samfurin Spitfire. A nan Malam ya dakata, ya zana mana abin a allo. Injin jirgin, mai suna Merlin, da ruwa ake sanyaya shi, lagireton kuwa yana ƙarƙashin fiffike, a fili. Da ya huje ruwan zai tsiyaye, zafi ya hau, ƙarfe ya kama ƙarfe, injin ya ƙame. Finucane ya juya zuwa Ingila, bai kai ba. Ya sauke jirgin a kan teku, ruwa ya haɗiye su tare. Har yau ba a ga gawarsa ba, sunansa kawai ke jikin bangon tunawa na Runnymede da ke Ingila.

Ban zama gwani daga ranar ba, gaskiya, jarrabawar ma da kyar na haye. Amma yanzu da nake aiki, ba na sa hannu a littafin jirgi sai na bi kowane bututu da yatsana, na taɓa kowane maɗauri. Abokan aiki na yi mini tsiya wai na cika nawa. In na ga ɗigo ɗaya a ƙasa, sai na durƙusa na shinshina.