Abin da IPv6 ya koya mini kafin in miƙa makulli

A ƙarshen watan nan zan miƙa makullin ɗakin saba, inda manyan kwamfutocin wurin aikinmu suke, bayan shekara huɗu, kuma na san ranar da za a fi tuna ni da ita ita ce Alhamis ɗin da na kafa sabuwar na'urar kula da hanyar sadarwa, wadda aka sayo domin ta riƙa sa ido kan rautocinmu na Bompai da na ma'ajiyar Sharaɗa, wato na'urorin da ke isar da bayanai tsakanin hanyoyin sadarwa, tana kuma tura musu saiti daga wuri guda.

An yanke shawarar cewa layin kulawar zai tsaya kan IPv6 kaɗai, wato sabon tsarin adireshin intanet, kuma ban ga laifin hakan ba, domin adireshin tsohon tsarin, IPv4, wanda bai wuce biliyan 4.3 ba, ya ƙare a babban rumbun IANA, hukumar da ke raba adireshin a duniya, tun watan Fabrairun 2011, abin da ya rage a hannun AFRINIC mai raba shi a Afirka kuwa sai da tsantseni ake bayar da shi. Matsalar ita ce hannuna ya saba da tsohon tsari. Na daɗe ina toshe saƙonnin ICMP, waɗanda na'urori ke aika wa juna kan yanayin hanya, a katangar tsaro mai tace abin da ke shiga da fita, ba tare da wani abu ya faru ba, don haka na rubuta irin wannan doka ga ICMPv6, takwaransa na IPv6, na tura ta ga dukkan rautocin lokaci guda, na ga allo kore shar, na fita sallar la'asar.

Abin da na karanta amma bai zauna mini ba shi ne, IPv6 ba shi da ARP, hanyar da na'ura ke gano maƙwabciyarta a IPv4. Da ICMPv6 ɗin nan na'ura ke gano maƙwabciyarta, da shi kuma rauta ke shelanta kanta, shelar da bisa al'ada take ƙarewa bayan daƙiƙa 1800, wato rabin awa, idan ba a sabunta ta ba. Kafin in dawo daga masallaci na'urorin sun ɓace ɗaya bayan ɗaya, kuma ƙofar da zan bi in gyara, ni na rufe ta da hannuna. Haka na ɗauki kebul ɗin konsol, wanda ake jona kwamfuta da rauta kai tsaye da shi, na hau adaidaita sahu zuwa Sharaɗa cikin cunkoson yamma, na durƙusa a bayan akwatin rauta da fitilar waya a baki har bayan isha'i.

Washegari shugaban sashenmu ya tsayar da ni gaban kowa. Na ce, "Yallaɓai, sau biyu na roƙi a ba ni Asabar in gwada a kan rauta ɗaya." Ya ce, "Injiniya, ba a ɗauke ka aiki don ka koya a kanmu ba." Kuskuren nawa ne, ban taɓa musu ba, sai dai takardar neman ranar gwajin tana nan da sa hannunsa na ƙin amincewa, kuma ba ta shiga rahoton da ya aika sama ba.

Ga wanda zai gaje ni: kada ya tura doka ga rautoci duka kafin ya gwada a kan guda. Ya bar kowane sashe na hanyar sadarwa a kan /64, wato daidaitaccen girman sashe a IPv6, idan yana son SLAAC, hanyar da na'ura ke ba kanta adireshi, ya yi aiki. Ya riƙe adireshin fe80 na kowace rauta, wato adireshinta na cikin sashe, a rubuce.

Na'urar ba ta sake faɗuwa ba tun daga ranar, kuma zanen da shugaban yake nuna wa baƙi a matsayin aikin sashensa, ni na zana shi. Kebul ɗin konsol yana aljihun tebur na biyu, kuma da kuɗina na saye shi a titin Beirut.